Katin Ɗan Ƙasa da Ƴan Uwanmu Makafi

Jawabin da wani malamin lakkol, ɗan ƙungiya, ya yi a taronmu na bayan kaka a Hawandawaki

Ƴan uwa da suka komo daga bida, da waɗanda ke shirin tafiya, barkanku da zuwa. Shugaban ƙungiya ya ba ni izinin magana bisa katin ɗan ƙasa, wanda muke cewa dantite, da kuma halin da makafinmu ke ciki game da shi.

Zan fara da abin da ya same ni. Bara na raka wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, zuwa neman maganin ido. Shekara da shekaru ke nan ba ya gani. Katinsa na cikin leda, a ɗaure cikin aljihu, ba ya rabuwa da shi. Da aka tsaida motarmu bisa hanya aka ce kowa ya fiddo takarda, sai ya miƙa nasa da ƙarfin zuciya. Mai dubawa ya ce katin ya mutu tun shekara 2 da suka wuce. Aka sauke mu, mota ta tafi ta bar mu, kuɗin mota ya salwanta, ranar da likita ya ba mu ta wuce. Kawu ya ce da ni: "Ɗana, kai da ka yi boko, ba ka taɓa duba mini ba?" Ban sami amsa ba. Laifin nawa ne, don ni ke da ido, ni kuma na iya karatu.

To, ƴan uwa, ga inda matsalar take. Katin takarda da yawancinmu muka karɓa, wa'adin shekara 5 aka ba shi. Ranar ƙarewarsa a rubuce take da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe. Babu mai zuwa gidanka ya ce maka wa'adi ya yi kusa. Mai ido da bai shiga lakkol ba yana iya nuna wa yaro ya karanta masa, in ya tuna. Makaho kuwa, ko katin ya koɗe, ko ruwa ya ci hoton, ko an musanya masa da na wani, ba zai sani ba sai ranar da aka tare shi.

Kar mu ce makaho ina za shi. Makafinmu na tafiya Tasawa, Maradi, Damagaram, Katsina, Daura, har Kano inda asibitin ido na ECWA ya daɗe yana karɓar mutanenmu. A jihohin Maradi da Damagaram ciwon amodari ya ɓata idanun mutane da yawa, ga yanar ido da ke kama tsofaffi. Yanar ido kuwa aiki ake yi mata mutum ya koma gani, amma sai ya isa wurin likita. Ban da tafiya, ana tambayar kati wajen karɓar kuɗin da ɗa ya aiko daga bida, da wajen sayen layin waya, sau da yawa har da wajen rubuta suna in za a raba taimako. Wanda katinsa ya mutu sai ya sa wani ya karɓa masa, kuma ba kullum amana ke cika ba.

Dattawa sun fi ni sanin darajar takarda. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga ƴar uwarta ba tare da biza ba. Duk da haka, a watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama sati 2 su bar Najeriya, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, har da ƴan Nijar. A 1985 aka sake. An rufe iyaka a 2019, an kuma rufe ta a 2023. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO. Mu da ke zaune bakin iyaka, duk sa'ad da al'amari ya sake, takarda ake fara tambayarmu.

Doka ba ta manta da makaho ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bisa haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma a 2019 an yi dokar ƙasa bisa shigar da su cikin harkokin jama'a. A Yamai akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, akwai lakkol ta Soli Abdurahaman inda yara makafi ke karatu da yatsa, da rubutun ɗigo 6 wanda wani makaho Bafaranshe, Luwi Biray, ya ƙago shekara wajen 200 da suka wuce. Amma tsofaffin garinmu ba su koyi wannan rubutu ba, kuma katinsu ba shi da shi. Saboda haka aikin ya faɗo bisa wuyanmu. Ga abu 5 da nake roƙon ƙungiya ta ɗauka.

Na farko, mu buɗe littafi guda. A rubuta sunan kowane makaho da kowane tsoho da ganinsa ya raunana, mace da namiji, da ranar da katinsa zai ƙare. Sai da yardar mutum za a rubuta shi. Littafin ya zauna hannun magatakarda. Ba za a karɓe katin kowa a ajiye ba.

Na biyu, tuni ya zama da baki. In saura wata 3, a aika mutum har gida ya faɗa masa. A kuma ɗaura wa'adin da abin da ya sani: kafin azumi, bayan babbar salla, lokacin yankan hatsi. Sau biyu a shekara mu roƙi liman da sanƙira su yi shela kowa ya sa a duba masa katinsa. Waɗanda ke bida, ku aiko wa iyayenku saƙon murya ta waya.

Na uku, kafin a tashi, ɗan ƙungiya ya je meri ya tambayo takardun da ake buƙata, da kuɗin da doka ta yanka, da inda ake yi, don tsari na sakewa. Kar a ɗauko tsoho makaho a yi ta kai da kawo da shi. Tushen komi takardar haifuwa ce. Wanda bai da ita sai alƙali ya yi masa jijima da shaidu. Don kar jikokinmu su sha wannan wahala, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai labarin haifuwa. Mu kiyaye.

Na huɗu, a raka shi da babban mutum. Yaron da ke jan sanda ba zai iya magana da ma'aikaci ba, kuma wurinsa cikin aji yake. Ni na san kujerun da ke zama wofi ranar kasuwa. Kafin makaho ya dangwala yatsa, a karanta masa duk abin da aka rubuta da Hausa: sunansa, sunan uwa da uba, shekarar haifuwa. Kuskuren baƙi ɗaya na iya hana shi kuɗinsa. Ma'aikaci kuma, a roƙe shi ya yi magana da mai katin kansa, don kunnensa da hankalinsa lafiya lau suke.

Na biyar, a sa wa ledar katin alama da hannu zai gane, kamar ƙullin zare ko ƴar tsaga a gefen ledar, don ya bambanta shi da sauran takardu. Katin kansa kar a huda shi, kar a yanke shi.

Kuɗin mota da na hoto, in kowane ɗan bida ya sa dala ashirin a asusu duk wata, za mu iya ɗaukar wa marasa ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na ɗauki alkawarin riƙe alƙalami ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci, ƙofar gidan mai gari. Kowa ya zo da katin tsohonsa, ko ya kai ni gidan in duba.

Kawu ya sami sabon kati, an yi masa aikin ido ɗaya, yanzu yana gane inuwar mutum. Ya ce in gaishe ku.

Abin da na faɗa daidai, Allah shi amfane mu da shi. Inda na yi kure, iyayena ku gyara mini.