Mai zane ma yana da fatoma

  

Zancenmu na yau, da jin farkonsa wani zai ce ina ruwan makiyayi da shi. Ku dai ba ni kunne. A cikinku akwai mai yaron da in an tura shi kiwo sai ya zauna gindin itace yana zana bijimi a ƙasa da tsinke, ƙaho da tozo da leɓe duk su fito ras. Akwai mai yarinyar da ba ta barin ƙwarya fara a gida sai ta yi mata ado. Akwai yaron mota da ya cika bayan tirela da dawisu da zaki. Yawanci mukan ce wasa ne, in ya girma zai bari. Wasu sun bari ɗin. Wasu kuma da wannan hannun suke ci da iyayensu a yau, kuma galibinsu ba su kai can su kaɗai ba. Wani gida ne ya riƙe su.

Gidan da nake nufi shi ne gidan baje kolin zane, wanda masu harkar ke kira galari. Ku da kuka san kara ba sai an wahalar da ku da bayani ba. Ka koro shanu daga nesa ka iso Maigatari ranar Alhamis, ba ka san kowa ba. Wurin wa kake sauka? Wurin fatomanka. Shi zai ba ka masauki, ya san mai saye na gaske da mai zagaye kawai, ya san wanda in an ba shi bashi zai biya, in rigima ta tashi shi ke tsaya maka. Da ɗan gari akan ci gari. To galari fatoman mai zane ne. Bambancin da zai ba ku mamaki shi ne la'ada. Dillalin shanu abin da yake karɓa ɗan kaɗan ne bisa kan kowace dabba. Galari kuwa, a al'adar wannan kasuwa kusan ko'ina a duniya, rabin kuɗin zane yake ɗauka.

Na san wani ya ce subhanallahi, rabi! Ku dakata mu ga abin da rabin yake saye, sannan ku yanke hukunci.

Yaron da ya fara zane ba shi da ɗakin aiki, fenti mai kyau daga waje ake kawo shi da tsada, haka ƙyallen da ake zanen a kai. Galari na kirki yakan ba shi wuri, ya sayo kayan aiki, wani lokaci ya riƙa ba shi ɗan abin cefane wata-wata, a cire daga baya in an yi ciniki. Shi ke biyan mai ɗaukar hoto, da mai rubuta bayanin aikin, da kafintan da zai yi akwatin da za a sa zanen. Shi ke biyan jirgi da inshora da takardun kwastan, ko duwan kamar yadda 'yan wancan gefen ke cewa, kuma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin abin da takarda ke ci kafin kaya su ƙetare iyaka. In za a je babbar kasuwar zane ta shekara-shekara, irin ART X da ake yi a Legas tun 2016, galari ke kama rumfa da kuɗinsa. In ba a sayar da komai ba, asarar tasa ce. Kuma sau da yawa, a shekarun farko na matashi, ba a sayarwar.

Amma a ganina duk wannan ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne ido da baki. Mai galari da ya san abin da yake yi zai shigo ɗakin yaro ya dubi zane goma, ya ce takwas ɗin nan mayar da su, kana kwaikwayon wane ne, biyun nan su ne naka, bi su. Magana ce mai ɗaci, amma wanda ya koyi kiwo wurin tsoho ya san irinta. Zai haɗa shi da manyan da suka riga shi, ya kai shi ya ga aikin wasu, ya koya masa yadda zai tsaya gaban baƙi ya faɗi abin da yake nufi da aikinsa ba tare da kame-kame ba. Sannan ya hana shi gaggawa.

Akwai gidajen da suka mai da wannan reno tsari. Galarin Rele da ke Legas, wanda Adenrele Sonariwo ta buɗe a 2015, tun 2016 kowace shekara yakan zaɓi 'yan matasa kaɗan, a ba su horo da tallafin kayan aiki, sannan a baje aikinsu gaban masu saye. A Ankara ta Gana akwai Gallery 1957, da aka buɗe a 2016 aka sa masa sunan shekarar samun 'yancin ƙasar. Yana saukar da masu zane su zauna su yi aiki na wani lokaci, kuma a 2021 ya fito da gasa ta mata zalla da sunan Yaa Asantewaa, sarauniyar Asante da ta yaƙi Turawa. Kafin su duka akwai Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ta jihar Kogi, wadda ta tashi cikin saƙa da rinin shuni irin na Yarabawa. A 1983 ta buɗe cibiya a Oshogbo tana koyar da matasa, musamman mata marasa galihu, ba ta karɓar ko sisi. Dubbai sun bi ta hannunta. Gidanta na Legas bene ne mai hawa biyar, cike da aikin mutane, manya da masu tasowa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, domin a nan ake cin yara.

Akwai wani mai zane ɗan Gana, Amoako Boafo. A 2019 wani ɗan kasuwa ya sayi zanensa guda kan dala 22,500. Watanni kaɗan bayan haka, a Fabrairun 2020, aka kai zanen nan gwanjo a Landan, aka buga shi fam 675,000. Ribar aljihun wanda ya kai gwanjon ta faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Za ku ce ai ko ba komai sunan yaron ya tashi. Haka ne, kuma shi Allah ya taimake shi ya tsaya da ƙafarsa, har ya gina wa matasa wurin aiki a Ankara. Amma da yawa ba sa tsira. In farashi ya yi tsalle irin wannan, 'yan neman riba su yi caa, kowa ya saya don ya sayar gobe. Ran da suka juya baya, duk su fito da kayan lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Ku kun ga irin haka a shekarar fari, ran da kowa ya koro dabbobinsa kara rana ɗaya. Sai dai saniya in damina ta yi kyau darajarta na dawowa. Mai zanen da farashinsa ya faɗi a bainar jama'a, da wuya masu saye su sake waiwayarsa, ga shi bai wuce shekara talatin ba.

Shi ya sa galari na kirki yake yin abin da ɗan kasuwa zai ga kamar wauta. Mutum ya zo da kuɗi a hannu, a ce masa ba za a sayar masa ba, domin an san halinsa, gobe zai kai gwanjo. A ɗauki zanen a ba gidan tarihi ko wani mai ajiya da rangwame, saboda can zai zauna mutane su gan shi shekara da shekaru. Farashi kuma a riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Makiyayi ya san wannan lissafin. Ba ka sayar da karsanar da za ta zama uwar garke don yau an taya ta da tsada.

Akwai wani ɗan Gana kuma da nake so ku san labarinsa, domin kayan aikinsa daga hannun irinku ya fito. Sunansa Ibrahim Mahama, an haife shi a Tamale a 1987, ya yi karatun zane a jami'ar Kumasi. Kun san buhun nan mai ruwan ƙasa da ake saƙawa da zaren wani tsiro ɗan'uwan rama. Daga Indiya da Bangaladash ake kawo shi Gana don zuba koko. In ya gama wannan aikin sai ya faɗa hannun masu masara da shinkafa, daga ƙarshe ya ƙare wurin masu gawayi, ya yi baƙi, ya sha faci, ga sunayen 'yan kasuwa da alamominsu rubuce a jikinsa. Mahama sai ya riƙa bin kasuwanni yana ba da sabon buhu ana ba shi tsoho. Ya tara mutane suna ɗinke su wuri guda, har su zama mayafin da zai rufe gini sukutum. A 2015 Okwui Enwezor, ɗan Najeriya da ya shugabanci babban bikin zane na birnin Benis a Italiya a shekarar, ya gayyace shi, ya lulluɓe dogayen bangaye da buhunan nan. Turawa suka tsaya suna kallon gumin ɗan dako da wahalar hanya. Daga baya White Cube, ɗaya daga manyan galarin Landan, ya ɗauke shi. Iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen mai rai su lura, a wannan aikin babu fuska babu gunki, buhu ne da allura da zare.

Abin da ya yi da kuɗin shi ya sa na kawo shi. Gida ya koma. A 2019 ya buɗe cibiyar zane a Tamale, a 2020 ya ƙara wata a bayan gari mai suna Red Clay, ginin jan bulo mai faɗi. Ya sayo tsofaffin jiragen sama da suka daina tashi, aka jawo su ta hanyar mota har arewa, ya mai da cikinsu ajin yara. Ya karɓi wani tsohon rumbun siminti na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi, shi ma ya buɗe shi ga jama'a. 'Yan makaranta na ƙauyuka suna zuwa kallo da koyo, ba a karɓar kuɗin shiga. A 2024 da aka ba shi aikin rufe wani babban gini a Landan, ɗaruruwan masaƙa da maɗinkan Tamale ne suka yi ƙyallen a filin ƙwallon garin, aka ɗinka tsofaffin riguna batakari a jikinsa. Fulani kuna da suna ga irin wannan, habbanaye. A ba wanda ya rasa dabba karsana ya riƙe, ta haihu, a wasu wurare har sau uku, 'ya'yan nasa, uwar ta koma gida, gobe shi ma ya ɗaura wa wani.

Gaskiyar da ba daɗi ita ce irin waɗannan gidaje sun taru a Legas da Abuja da Ankara da Dakar da Abijan. Mu nan yankin iyaka sun yi mana nisa, ko da yake Zariya na koyar da zane tun shekarun 1950, kuma manyan masu zanen Najeriya irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya can suka fito. A Yamai ma, cikin gidan tarihi na Bubu Hama, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa na aiki gaban masu ziyara. Saboda nisan nan, yaronku ta waya zai fara haɗuwa da masu cewa su galari ne. A nan sai an yi hattara, domin cinikin biri a sama ya yi yawa.

In wani ya ce yaro ya turo kuɗi kafin a rataya aikinsa, wannan mai hayar bango ne, ba ruwansa da ko an saya ko ba a saya ba, ya riga ya ci nasa. Fatoman gaske sai ka ci yake ci. In wani ya zo ya ce zai kwashe duk abin da ke ɗakin a dunƙule, zane talatin kuɗi kaza, ku tuna da labarin gwanjon Landan. Ku tambayi yaran da gidan ya riƙe shekara biyar da suka wuce, ina suke yanzu, ana biyansu kan lokaci? Yadda za ku binciki fatoma kafin ku damƙa masa garke, haka za ku yi.

Kuma kada zane ko ɗaya ya bar hannun yaro sai da takarda. A rubuta guda nawa aka ɗauka, kowanne da hotonsa da girmansa da kuɗin da aka sa masa, kason kowa nawa ne, kwana nawa bayan ciniki za a biya, wa zai ɗauki asara in ya lalace a hanya, kuma yaushe za a maido wanda bai sayu ba. Zanen da ke rataye a galari ajiya ce, na yaron ne har ran da aka saya. In yarjejeniyar ta ce ba zai sayar ta hannun kowa ba sai su, a faɗi shekara nawa, kuma a wace ƙasa. In da Turanci ko Faransanci aka rubuta, ku nemi wanda kuka yarda da shi ya karanta muku ita layi-layi kafin a sa hannu, ku riƙe kwafi ɗaya a gida.