Manomin gyaɗa da maiɗakinsa: alheri daga gida yake farawa



Yau labarin wani miji da matarsa na zo muku da shi, daga wani ɗan ƙaramin gari mai suna Plains a jihar Jojiya ta Amurka, garin da mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Sunan mijin Jimmy Carter, matar kuwa Rosalynn. Dukansu a garin aka haife su. Sun yi aure a 1946, suka zauna tare shekara 77. Sana'arsu gyaɗa, irin wadda kakanninmu suka tara dala da ita a Kano. Shi yana gona da sito, ita tana riƙe da littafin lissafi.

Mutumin nan ya yi gwamna, ya yi shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Da mulki ya ƙare, bai nemi katafaren gida a birni ba. Ya ɗauki matarsa suka koma gidan da suka gina tun 1961, cikin maƙwabtansu na da. Kirista ne, kuma a wancan lokacin ran Lahadi shi ke karantarwa a majami'arsu. Idan ciyawar harabar ta yi tsawo, yakan shiga layin masu yanka ta. Ita kuma ta kasance cikin masu raba abinci ga gidajen da ba su da hali. Daga 1984 suka fara fita aikin gina wa talakawa gidaje da ƙungiyar Habitat for Humanity, guduma a hannu, gumi na zuba, har bayan sun haura shekara 90. A 2017 ya ba da hayar filin gonarsa aka kafa faifan sola masu ba garin kusan rabin wutar da yake sha.

Dattawa, kun tuna kurkunu? Kun tuna yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, gona ta zama daji? A 1988 an ƙirga masu ciwon sama da 650,000 a Nijeriya. Cibiyar da ma'auratan nan suka kafa a 1982 ta haɗa hannu da gwamnati, da Janar Yakubu Gowon, da 'yan sa-kai na ƙauyuka. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Tace ruwa da ƙyalle da hana mai ciwo shiga tafki su ne maganin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu kurkunu a Nijeriya da Nijar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To jama'a, abin lura biyu ne. Na farko, da shawara suka yi komai. Maigida, idan ka ɗebi hatsi za ka bayar, tambayi uwargida, domin ita ta san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Na biyu, girma bai raba su da garinsu ba. 'Ya'yanmu da Allah ya ɗaukaka a Abuja da Kaduna, a isar musu da saƙo: zuwa sallah da rabon shinkafa bai wadatar ba.

Mu da muke gida ma akwai namu. Famfon da ya lalace, ɗakin marayun da ke yoyo, ajin da iska ta yaye wa kwano, duk aikin gayya ne, ba sai an jira gwamnati ba. Kafin ruwa ya sauka, kowane gida, miji da mata su zauna su yanke abin da za su kawo: mudu, kwano, ko ƙarfin jiki. A kai wa mai unguwa suna kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ba mu ikon yi.