Jawabi A Kan Tarihin Soja Da Takardun En'e

 

Masanan jami'o'i sun daɗe suna binciken tarihin sojan ƙasan nan, tun daga 1863, sa'ad da Kyaftin Glover ya tara ƙungiyarsa a Ikko, har zuwa rundunar da aka ɗora wa Lugga kafawa cikin 1897, wadda ta ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Da fari littattafan hafsoshin Turawa kaɗai a ke dubawa. A ciki akwai ranar kowane karo, da sunan Baturen da ya faɗi, amma farabiti da kofur sai a jimla, kamar buhunan gyaɗa.

Da malamai irin su C. N. Ubah, wanda littafinsa ya fito a Kaduna cikin 1998, da David Killingray, wanda nasa ya fito cikin 2010, suka mai da hankali ga shi sojan kansa, sai abin da ke ɓoye ya bayyana. Na ɗaya, ba duk wanda Turawa suka rubuta Bahaushe ne Bahaushe ba. Da yawa cikin na farko bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, daga baya kuwa ga Zabarmawa, ga Barebari, ga Dakarkari, ga Tibi. Hausa dai ita ce harshen bariki, don haka duk aka haɗa su da suna guda.

Na biyu, wahalar Yaƙin Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi da Jafan a kwarin Kaladan cikin 1944, inda hanyar mota ta yi wuya, jirgin sama ke jefo abinci, mutane su ɗauka a kā cikin kurmi. Runduna ta 82 ta bi ta Arakan, aka ci Myohaung cikin Janairu 1945. Wannan suna ya zama na bariki a Ikko, amma sunayen masu dakon nan, waɗanda in ba su ba da tafiyar ba ta yiwu ba, kaɗan aka sani.

To, ina za a same su? A takardun En'e, gama ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebi da yawa cikinsu, wurinsu kuma suka komo. Littafin alƙali ya kan nuna matar soja da ta nemi a raba aure don doguwar tafiya, da gādon wanda bai komo ba, da gardamar gonar da aka nome a bayansa. Takardun ma'aji su kan nuna tsohon sojan da aka ɗauka ɗan doka ko masinja. Akawun da ya rubuta waɗannan bai san tarihi ya ke rubutawa ba.

Ko da ya ke ƙananan hukumomi sun gaji tsarin En'e cikin 1976, takardun ba su rasa daraja ba. Waɗansu suna ɗakin ajiyar takardun gwamnati na Kaduna, amma gara da yoyon damina ba su san darajar takarda ba, su kuwa waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka wanda duk tsohon littafin kotu ko wasiƙar soja ke hannunsa, lalle ya kamata ya adana, ya nuna wa masu bincike. In littafin ya lalace, sunan mutumin ya tafi ke nan.

Allah ya jiƙansu, ya ba mu ikon riƙon amana, amin.