Cibiyar Ɗalibai a Jami'ar Garwa: Ginin Farko ko na Ƙarshe?



A ranar 5 ga Janairun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa Jami'ar Garwa, tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, jami'o'in gwamnatin Kamaru suka zama 11. Ita ce ta uku a arewa, bayan ta Ngaundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, da ta Marwa da aka kafa a 2008. Garin Garwa kuwa ba baƙon ilimi mai zurfi ba ne: Makarantar Namun Daji tana horar da 'yan Afirka tun 1970, kuma tsangayar likitanci ta fara aiki a nan a ƙarƙashin Ngaundare kafin a yaye Garwa. Tun da jami'ar tana kan gina kanta, yanzu ne lokacin yin magana a kan abin da za a sa a gaba. Ra'ayina shi ne cibiyar ɗalibai, wato wuri guda da ya haɗa ɗakin cin abinci, da na shan magani, da zauren karatun dare, da ofisoshin ƙungiyoyi, ta cancanci ta shiga sahun farko tare da ɗakunan lacca.

Hujjata tana cikin gyaran tsarin jami'o'i na 1993. Kafin wannan shekara jami'a ɗaya ce a ƙasar, ta Yawunde, kuma gwamnati tana biyan ɗalibai alawus. Gyaran ya fasa ta zuwa jami'o'i shida, ya soke alawus, ya sa kuɗin rajista jaka 50 na sefa a shekara. An kusanto da jami'a ga talaka, wannan gaskiya ne, amma an sauke masa nauyin ci da kwana a kansa. Jaka 50 manomin auduga zai iya haɗa ta idan kamfanin auduga na Sodecoton ya biya. Abin da ke karya shi shi ne hayar ɗaki da abinci da kuɗin babur na wata tara. Wanda ya san Dang, inda Jami'ar Ngaundare take, kimanin kilomita 15 daga gari, ya ga abin da ke faruwa idan gadajen jami'a suka kasa: ɗakunan haya na 'yan kasuwa sun kewaye harabar, mai gida ne ke yanka farashi, ruwa da wuta kuwa sai yadda hali ya yi. A Garwa ga ƙarin zafi. A watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kuma a daidai lokacin ne ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa. Ɗalibin da ke ɗaki mai rufin kwano ba zai yi bita da rana ba, da dare kuma ba fitila. Zauren karatu mai wutar sola da fanka, a irin wannan gari, kayan koyarwa ne.

Za a ce kuɗi kaɗan ne, ɗakin gwaje-gwaje da albashin malamai sun fi gaggawa. Ban musa ba. Sai dai duk ɗalibin da ya bar karatu a shekara ta biyu saboda yunwa, kuɗin da aka kashe a kan kujerarsa da malaminsa sun bi ruwa. Wasu kuma za su ce Garwa birni ce, ba daji ba kamar Dang, akwai kasuwa da asibiti da 'yan'uwa. Wannan ya dace da ɗan unguwar Fulɓere ko ta Rumde Ajiya. Ɗan garin Poli ko Cholire ko Tuboro fa, ko ɗan Cadi da ya ƙetaro iyaka, a gidan wa zai sauka? Batun ya fi tsanani ga 'ya'ya mata, domin uba da yawa a ƙasar nan ba ya tambayar wane fanni 'yarsa za ta karanta kafin ya ji inda za ta kwana da wanda ke tsaron ƙofar.

Akwai tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, cewa tara ɗalibai wuri guda tara fitina ne, kuma masu faɗin haka suna tuna boren ɗaliban Yawunde na 1991. Ni a ganina darasin akasin haka ne. Cunkoso da rashin mai sauraro suka hura waccan wutar, kuma ɗalibai za su taru ko an ba su zaure ko ba a ba su ba. Zaɓin da ya rage wa hukuma shi ne su taru inda za ta iya zama da wakilansu, ko su taru a kan kwalta. A zauren nan ne kuma Bafulatani da Bafali da ɗan Tupuri da Bahaushe, waɗanda ajinsu da Faransanci yake, cinikinsu da Fulatanci, za su fara gudanar da ƙungiya tare da lissafin kuɗinta.

Hukumar da za ta riƙe wannan aiki tana nan a tsarin kowace jami'ar gwamnati, sashen kula da walwalar ɗalibai. Abin da nake roƙon majalisar jami'a da ta yankin Arewa shi ne a ware wa cibiyar fili a tsakiyar haraba tun a zanen farko, a ba ta kasonta a kasafin kuɗi da sunanta, kuma a sa wakilan ɗalibai, har da mata, cikin kwamitin da zai duba farashin kwanon abinci da rabon gadaje.