IGIYAR TSALLE: A AUNA TA DA JIKI, A RATAYE TA A INUWA

Jawabi zuwa ga ƴan cibiyoyin yaƙi da jahilci

 

Maganar yau a kan igiya ta ke. Ba igiyar guga ba. Ba igiyar ɗaurin akuya ba. Igiyar tsalle, wadda yara ke kaɗawa su na tsallakewa a dandali da hilin lakkol.

Wani zai ce: "Wasan yara ne. Mi ya kai babba ciki?" To, babba ke sayen igiya. Babba ke ɗaukar yaro zuwa gidan likita in ya faɗi ya gurɗe. Ke nan da ruwan babba a cikin maganar ga.

AMFANIN TSALLEN IGIYA

Tsallen igiya ya na ƙara ma zuciya ƙarhi. Ya na ƙara tsawon numfashi. Ya na ƙarfafa ƙashin yara masu tasowa. Ba ya bukatar babban hili, ba ya bukatar kuɗɗi da yawa.

Ƴan damben zamani ko'ina cikin duniya da igiya su ke horon ƙafa da numfashi. Kuma da dambe ne ƙasar Nijar ta samu lambarta ta farko a wasannin Olimpik: Issaka Dabore ya ciyo lambar tagulla a birnin Munik na ƙasar Jamus a 1972. Kokowar takobi kuwa an fara ta a Tawa a 1975. Saurayin da ke mafarkin shiga wannan hili, igiya za ta taimake shi, don ɗan kokowa maras numfashi ba ya daɗewa a tsaye.

A 2020 Ƙungiyar Lahiya ta Duniya ta ba da shawara kamar haka: yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 kowace rana. Babba kuma ya samu minti 150 ko hiye a cikin sati. Aikin ƙarhi ya na cikin lissahi. Wanda ya wuni ya na noma, da wadda ta yi daka ta ɗebo ruwa, sun motsa jiki. Amma akwai mai tebur, akwai tela, akwai mai wuni zaune a runfar kasuwa. Akwai kuma rani, lokacin da aikin gona ya ƙare. Zama da yawa ya na buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga. Rigakahi ya hi magani.

WACE IGIYA CE TA DACE?

Igiyar rama ta na da kyau. Ta na da ɗan nauyi, ta na da taushi. Igiyar auduga ma haka. Igiyar kaba, irin wadda a ke tuƙawa da yawa wajen Gulbin Kaba, ta na da kaushi, ta na kartar ƙwabri, amma ta na yi in ba wata. Igiyar nailan ta kasuwa ta na da sauri, sai dai bugunta da zahi.

Kaurin igiya ya zama kamar na ƙaramin yatsa. Siririya ƙwarai iska ke kwashe ta. Mai kauri ƙwarai ta na gajiyar da hannu.

Mariƙi ba dole ba ne. Mai so ya yanki gora ko guntun tiyo, tsawon santimetir 12 zuwa 15. Ya zura igiya ciki, ya yi ƙulli a baki. Haka igiya za ta riƙa juyawa a cikin mariƙi, ba za ta murɗe ba.

YADDA A KE AUNA IGIYA

Ga babbar magana. Igiyar tsalle kamar riga ta ke. Rigar uba ba ta yi ma ɗa. Rigar ɗa ba ta shiga wuyan uba. Kowa da awonshi.

Hanyar awo uku ce.

Ta farko, awo da ƙafa. Mutum ya tsaya a miƙe. Ya taka tsakiyar igiya da ƙafa guda. Ya jawo bakin igiya biyu sama, a jikin ƙirjinshi. In sun kai hamata, igiya ta yi daidai ga mai koyo. In sun wuce kafaɗa, ta yi tsawo. In sun tsaya a ciki, ta yi gajarta. Wanda ya ƙware ya na iya rage ta, ta tsaya a ƙirji. Wannan hanya ta hi kowace, don ta na yi ma babba, ta na yi ma yaro.

Ta biyu, awo da hannu. Kowane mai rijiya ya san gaba, kowane mai sayen ƙyalle ya san kamu. Gabar mutum kusan daidai ta ke da tsawonshi. To, mutum ya auna gaba ɗaya da kamu biyu, da hannunshi na kanshi, ba da hannun mai saidawa ba. Ya ƙara kaɗan sabo da ƙulli. Wannan ita ce hanyar kasuwa.

Ta uku, awo da metir. Wannan ta manya ce. A auna tsawon mutum, a ƙara santimetir 90. Misali: namiji mai tsawon santimetir 170. A ƙara 90, ya zama 260, wato metir 2 da santimetir 60. Mace mai tsawon santimetir 160. A ƙara 90, ya zama 250, wato metir 2 da rabi. Ga ƙaramin yaro, lissahin ga ya na ba da igiya mai tsawo da yawa. Yaro a auna mashi da ƙafa.

Kada a yi saurin yanka. A fara gwadawa kwana biyu ko uku. In igiya ta yi tsawo, a yi ƙulli kusa da mariƙi, kowane gehe daidai da ɗan uwanshi. Kada a yi ƙulli a tsakiya. Igiyar da anka ƙulla, a na kwance ta. Wadda anka yanke ba ta komawa.

Yaro ya na girma, igiya ba ta girma. Kowace shekara, bayan kaka, a sake auna mashi. In ta yi mashi kaɗan, ta koma ga ƙane.

IN AWO BAI YI DAIDAI BA

Igiya mai tsawo ta na bugun ƙasa can nesa gaban ƙafa. Ta na jan ƙasa, ta na ta da ƙura. Mai tsalle sai ya ware hannuwa don ya rage ta. Nan da nan kafaɗa ta gaji. Tsakiyar igiya kuma ta cinye da wuri.

Igiya gajera ta na bugun kai ko yatsun ƙafa. Mai tsalle sai ya duƙa, ya tanƙware baya. Ta na sarƙe ƙafa, mutum ya kife a kan huska ko ya gurɗe.

Yaro da yawa sun bar wasan ga su na cewa ba su iya ba. Alhali laihin igiya ne, ba laihin ƙafa ba.

Igiyar da ta yi daidai ta na wuce kai da kamar taƙi ɗaya ko biyu. Ta na shafar ƙasa kaɗan, dab da ƙafa.

IGIYAR TARO

Akwai doguwar igiya wadda mutum biyu ke kaɗawa, wasu su na shiga tsakiya. Ita wannan metir 4 zuwa 5 ya isa ma yara biyu ko uku. Masu kaɗawa su matso har tsakiyar igiya ta taɓa ƙasa. In ta tashi sama, ta wuce kan wanda ya hi kowa tsawo. Kada masu kaɗawa su nannaɗe igiya a wuyan hannu. In wani ya faɗi, a iya sakinta nan take.

WURI DA LOKACI

A zaɓi wuri mai ƙasa daɓaɓɓa, a share shi. Ba tsakuwa, ba ƙaya, ba ƙarangiya, ba kwalba. Rairayi mai zurhi ya na kama igiya. Siminti da marmara su na cin igiya, su na wahal da gwiwa. A yi nesa da murhu da bakin rijiya. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta hid da shi.

A yi da sahe ko da marece. Kada a yi da tsakar rana, balle a bazara. A sha ruwa kamin a fara, a sha bayan an gama.

Ba a tsalle da nisa. Ƙafa ta tashi kaɗan, iyakar abin da igiya za ta wuce. A sauka a kan gaban ƙafa, ba a kan diddige ba. Gwiwar hannu ta zauna kusa da jiki. Wuyan hannu ke juya igiya, ba kafaɗa ba.

Mai koyo ya yi tsalle 20, ya huta, ya sake. Sannu ba ta hana zuwa. Mace mai ciki, da mai ciwon gwiwa, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, su tambayi likita tukuna. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take.

MAƘIYAN IGIYA

Igiya ta na da maƙiya huɗu.

Na ɗaya, rana. Rana ta na cin nailan sannu a hankali. Launi ya koɗe, igiya ta yi gautsi, ta fara zubar da gari. Wanda ya bar buhun leda a rana ya ga irin wannan.

Na biyu, laima. Igiyar rama da ta auduga in sun jiƙe, anka aje su a jiƙe, sai su yi hunhuna, su ruɓe.

Na uku, gara da kusu. Igiyar da ta kwana a ƙasa ko a jikin bangon laka, abincin gara ce.

Na huɗu, murɗewa. In an nannaɗe igiya tamau a kan mariƙi, sai ta lanƙwashe. Gobe in an kaɗa ta, ba ta tahiya daidai.

YADDA A KE AJIYA

In an gama wasa, a kakkaɓe ƙura. In igiya ta jiƙe, a shanya ta a inuwa, inda iska ke bi, har ta bushe sarai.

A ninka ta biyu ko huɗu, sako-sako. A rataye ta a kan maratayi na icce mai kauri, cikin ɗaki ko zaure. Kada ta taɓa ƙasa. Ƙusa mai tsatsa ba ta dace ba, ta na cin igiya. Kada a soke ta a ƙarƙashin kwanon rufi, wurin da zahi.

In igiyar nailan ta lanƙwashe, a tsoma ta cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, a miƙe ta, a rataye. Bakin nailan a ƙona shi kaɗan don kada ya warware. Wannan aikin babba ne, don narkakken nailan ya na ƙona fata. Bakin igiyar rama kuwa da zare a ke ɗaure shi.

A cibiya ko lakkol, inda igiyoyi ke da yawa, kada a zuba su cikin buhu guda. Za su sarƙe, lokacin wasa ya ƙare wajen warwara. A kafa maratayi uku: gajeru, matsakaita, dogaye. A rubuta tsawon kowace a kan mariƙinta: 2,20 ko 2,50 ko 2,60. Ga amfanin karatu nan. A naɗa mutum guda mai ƙirga su kowane marece.

HATSARI BIYU

Na farko, ƙananan yara. Igiya a hannun ɗan shekara biyu ko uku ba abin wasa ba ce. Ya na iya naɗa ta a wuya. Shaƙewa ba ta da ƙara, kuma minti kaɗan sun isa. Don haka maratayi ya zama sama, inda hannun yaro ba ya kai. Kada a bar igiya ɗaure a reshen icce da zarge. A hana yara wasan doki da igiya a wuya.

Na biyu, rijiya. Kada a kwance igiyar guga don wasa. Kada a ɗaura igiyar tsalle a guga. Igiyar tsalle ta na bugun ƙasa, ƙasa kuwa akwai kashin dabbobi da na yara. In ta shiga rijiya, dauɗar ta shiga ruwan shan gari duka. Daga nan zawo ke tasowa, kuma zawo ya na kashe yara ƙanana. Kowace igiya da aikinta: ta guga ga rijiya, ta akuya ga turke, ta tsalle ga maratayinta.

ABIN DA ZA A RIƘE

A auna igiya da jikin mai ita.
A ƙulla kamin a yanke.
A rataye ta a inuwa, a sama, a bushe.
Kada a haɗa ta da rijiya.

AIKI GA ƳAN CIBIYA

1. Mutum mai tsawon santimetir 180, igiya mai tsawon nawa ta dace da shi?
2. Samari 10, kowane ya na bukatar metir 2 da santimetir 60. Metir nawa za a sayo gaba ɗaya?
3. Ku faɗi maƙiyan igiya huɗu.
4. Don mi ba a wasa da igiyar guga?

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinshi. Allah ya ba da lahiya da zama lahiya. Wassalamu.