Tsargiya da Tsutsar Ciki: Ɓarayin Jinin Ƙannenmu



A ƙauyukanmu da yawa, in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ai girma ne ya zo. Ƴan'uwa, wannan ciwo ne, sunansa tsargiya. Tsutsa ce ke kawo shi. Mai ciwon in ya yi fitsari a tabki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga cikin dodon koɗi ya girma, sannan ya fito yana yawo cikin ruwa. Duk wanda ya shiga wanka, wanki, su, ko ya tsaya alwala, sai ta huda fatarsa ba tare da ya ji ba. To ku duba yawan mutanen da abincinsu ke ga ruwa: bakin kogi a Yamai, tabkin Madarunfa, tabkin Gidimuni, gonakin rani na Birnin Ƙonni.

Tsutsar ciki kuma hanyarta ƙasa ce. Inda ake bahaya a fili, ƙwanta na cikin turɓaya. Wata tana shiga ta baki, daga hannun da ba a wanke ba ko salak da tumatir da aka ci haka nan. Macenta guda tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a yini. Wata kuma ta tafin ƙafa take shiga in ana yawo ba takalmi, ta manne a hanji tana shan jini.

Me ke biyo baya? Jini ya ragu, abincin da yaro ya ci bai kama jikinsa ba, garkuwar jiki ta yi rauni. Daga nan zazzaɓin sauro, zawo ko ciwon huhu suka same shi ba ƙarfi. Shi ya sa damina ta fi tsanani: rumbu ya yi ƙasa, tabkuna sun cika, sauro ya yi yawa, duk lokaci guda. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yara ƙanana, masu juna biyu, masu tamowa, masu ciwon suga da masu ɗauke da sida. Tsargiya in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma tana taɓa mahaifa.

Magani akwai. Tun 2004 ƙasarmu ke rabon praziquantel a makarantu, ana auna tsawon yaro a jikin sanda a ba shi daidai da shi. Na tsutsar ciki kuwa albendazole ne. Amma yaron da ya sha magani yau, gobe ya koma tabki guda, ciwon zai dawo.

Nan aikinmu yake. Ranar rabon magani, ku raka ƙannenku, har da almajirai da waɗanda ba su zuwa lakwal, kuma su ci abinci kafin su sha. Ku sa su takalmi. A wanke hannu da sabulu bayan bahaya da kafin cin tuwo. Ruwan tabki in ya zama dole, a ajiye shi kwana 2 kafin a yi wanka da shi, na sha kuwa a tafasa. Gidan da ba salanga, mu yi gayya mu gina. Wanda kuka ga yana fitsarin jini, ku kai shi likita, kada ku yi masa dariya.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana ƙannenmu. Wassalamu alaikum.