Taswirar Gado a Gindin Shinkafa
Jawabin da aka gabatar a zauren Ƙungiyar Ɗalibai



Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a cikinmu ya san cewa tsiro ɗaya a ke dasawa, amma bayan 'yan makonni sai a tarar gindin ya fid da 'ya'ya masu yawa, kowanne da karansa, kowanne kuma yana iya ɗaukar zangarniya. Wani iri ya kan cika gindi, wani kuwa 'ya'yansa kaɗan ne, ko da a gona ɗaya su ke, da ruwa ɗaya da taki ɗaya. Iyayenmu sun daɗe da ba da amsa: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya tara mu yau shi ne, a ina wannan gado ya ke zaune, kuma yaya masana su ka gano wurin?

A cikin kowace ƙwayar halittar shinkafa akwai zaruruwan gado 12, kowanne da abokinsa, ana kiransu kuromosom. A kansu ne umarnin tsawo da yawan 'ya'ya da girman zangarniya ya ke jere, kamar garuruwa a bakin hanya. Mai yin taswira ya kan auri iri biyu masu bambancin hali, ya yi ta shuka jikokinsu har ya sami ɗaruruwan zuriya. Sai ya ƙidaya 'ya'yan kowane gindi, kana ya duba wasu alamomi a jikin zaruruwan, waɗanda su ke tamkar duwatsun mil. In wata alama ta riƙa bayyana tare da yawan 'ya'ya, to, umarnin yana nan kusa da ita. A 1988 Susan McCouch da abokan aikinta a Jami'ar Kwanel ta Amurka su ka fitar da taswirar farko ta irin waɗannan alamomi, a 2005 kuma aka kammala karanta gadon shinkafa, mai haruffa kimanin miliyan 390.

Amfanin wannan hali ya riga saninsa zuwa. A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar da irin IR8, gajere mai yawan 'ya'ya, wanda ba ya kwanciya in ya sha taki. Ya sauya noma a Asiya, amma sai a 2002 aka tabbatar da ƙwayar gadon da ta gajarta shi, watau sd1, a zare na 1. A 2003 Li Jiayang da jama'arsa a ƙasar Sin su ka bi diddigin wata shinkafa mai kara ɗaya tak, har su ka cim ma MOC1 a zare na 6, wadda in ta lalace gindi ba ya haihuwa. A 2010 aka gano IPA1 a zare na 8, mai rage 'ya'ya, ta ƙara ƙwarin kara da girman zangarniya. Dalilin son wannan a bayyane ya ke: ɗan gindin da ya fito a makare abinci kawai ya ke ci, ba ya ba da tsaba.

To, me ya sa ba za mu ɗauko irin mai 'ya'ya kaɗan mu raba wa manomanmu ba? A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A 2008 masana su ka gano cewa wani sinadari mai suna sitirigolakton shi ke hana gindi yawan haihuwa. Shi ne kuma wanda saiwa ke fitarwa a ƙasa, ya tashi irin ƙuduji daga barci, ciyawar nan da wasu ke kira wuta-wuta, mai ƙona dawa da gero da shinkafar tudu. A 2014 aka buga sakamakon taswirar zuriyar iri biyu, Bala na Indiya da Azusena na Filifin. Bala mai yawan 'ya'ya ne, sinadarinsa kaɗan, ba ya kiran ƙuduji sosai. Azusena kuwa akasin haka ne. An kuma sami tushen bambancin a zare na 1. Ashe halin da ke da riba a fadama, inda kwanciyar ruwa ke hana ƙuduji, yana iya jawo hasara a tudu.

Har ila yau, muna da namu gadon. Kimanin shekaru 3,000 da su ka wuce kakannin Afirka su ka fara noman tasu shinkafar a fadamun Kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau. Tana saurin rufe ƙasa ta danne ciyawa. Ita ce Monty Jones na Saliyo ya aura da ta Asiya ya sami NERICA, aikin da ya kai shi ga lambar yabon abinci ta duniya a 2004.

'Yan'uwa, taswirar nan a buɗe ta ke ga kowa, amma ba ta zaɓar wa kowa iri. Gobe wasunmu za su zauna a ma'aikatun gona, takardar sayen iri ta zo gabansu. Kafin mu sa hannu, wajibi ne mu tambaya: a wace ƙasa aka gwada shi, a tudu ko a fadama, kuma shekara nawa? In mun yi kuskure, albashinmu ba zai ragu ba. Manomin da ya amince da mu shi zai kwana da rumbu wayam. Wasunmu kuma ya kamata su nufi wurare irin su cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, su duƙa cikin taɓo su ƙidaya 'ya'yan gindi da hannunsu, domin babu na'urar da za ta zana taswirar gonakin Kebbi da Haɗeja in ba a auna su ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.